MAKARANTUN KWANA NA KARNUKA A ƘASASHEN TURAWA

A Amurka da Ingila akwai makarantun kwana waɗanda ɗalibansu duka karnuka ne. Mutum yakan ɗauki karensa ya kai, ya biya kuɗi ya koma gida, ba zai sake ganinsa ba sai bayan mako biyu, ko uku, ko huɗu. Alkawarin da masu makarantun ke yi kuwa shi ne, karen da aka kawo musu yana tsalle a kan baƙi, yana jan mai shi a titi kamar sa da amalanke, in an kira shi ya yi kunnen uwar shegu, zai koma gida da ladabi da biyayya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, don a Amurka sau da yawa yakan haura dala dubu, a wani wurin ma ya ninka haka.

Mai karatu na iya cewa wannan almubazzaranci ne na waɗanda suka ƙoshi. Amma fa a waɗannan ƙasashe kare cikin ɗaki yake kwana, yana shiga mota, yana cuɗanya da yara. In ya ciji mutum, mai shi ne zai tsaya gaban alƙali, wani lokaci kuma kotu ta ba da umurni a kashe karen. A Ingila dokar shekarar 1971 ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ya faɗa wa tumakinsa, muddin babu wata hanyar hana shi. Saboda haka yawancin masu kai karnuka makaranta mutane ne da ruwa ya ƙare wa, suna neman gyara cikin gaggawa.

Darussan ba su da yawa. Ana koya wa kare ya zauna, ya kwanta, ya tsaya inda aka bar shi, ya zo in an kira shi, ya kuma yi tafiya dab da ƙafar mai shi ba tare da ya ja igiya ba. Ba a yi masa dogon zama, sai dai 'yan mintoci sau da yawa a yini. Akan fara a ɗakin da babu hayaniya, sa'an nan a fito tsakar gida, daga nan sai titi inda akwai motoci da mutane da wasu karnuka. Babban sirrin aikin shi ne lokaci: lada ko tsawa, in ba ta zo nan take da aikin ba, kare ba ya haɗa su. Mutumin da ya dawo gida da yamma ya doki karensa saboda takalmin da ya tauna da safe bai koya masa kome ba, illa tsoron dawowarsa.

Asalin wannan sana'a daga 'yan sanda da soja ne. Birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ya fara horar da karnukan 'yan sanda a 1899. A 1910 wani jami'in 'yan sandan Jamus mai suna Konrad Most ya wallafa littafi a kan horon kare, wanda ya zama tushe ga waɗanda suka biyo baya. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka samar da ɗimbin masu horar da karnukan soja, waɗanda bayan an sallame su suka buɗe makarantu, suka kawo tsarin bariki ga karnukan gida. Fitacce a cikinsu shi ne William Koehler na Amurka, wanda ya daɗe yana horar da karnukan fim na kamfanin Walt Disney, ya kuma fitar da littafinsa a 1962. Kayan aikinsu sarƙar wuya ce wadda ke shaƙewa in an fizga. Kare ya yi kuskure, a fizga. Ya gyara, a sassauta a yaba masa. Kalmar horo a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, koyarwa da hukunci, to waɗannan mutane duka biyun suka riƙe a hannu ɗaya.

Ɗaya hanyar daga ɗakin binciken masana ta fito. Keller Breland da matarsa Marian, ɗaliban masanin halayya B. F. Skinner, sun bar jami'a cikin shekarun 1940 suka shiga horar da dabbobi iri iri, har da kaji da aladu, da lada kaɗai. Daga baya wata mata mai suna Karen Pryor ta yi aikin horar da dolfin a Hawaii cikin shekarun 1960. Dabbar ruwa ba a iya sa mata sarƙa, ba a iya fizgarta, in ta ji haushi sai ta yi iyo ta tafi abinta. Dole aka koma ga busa usur daidai lokacin da ta yi abin da ake so, sa'an nan a jefa mata kifi. Littafin da Pryor ta rubuta a 1984 ya kai wannan dabara ga masu karnuka, inda wani ɗan ƙarfe mai ƙara ƙas ya maye gurbin usur, guntun nama kuma ya maye gurbin kifi.

To, a nan ne matsalar makarantar mako biyu take. Mai horon da ya karɓi kuɗi ya yi alkawarin ranar da za a zo a ga sakamako yana tsere ne da kwanaki, kuma hanya mafi sauri ta hana kare yin abu ita ce a sa ya ji tsoron yinsa. Shi ya sa makarantu da dama suka dogara ga abin wuya mai lantarki, wanda mai horo ke danna maɓalli daga nesa ya ja karen a wuya. Masu amfani da shi suna cewa in an sa shi a ƙaramin ƙarfi bai fi taɓawa ba, kuma ya ceci karnuka da yawa daga bindigar manomi. Mai karen dai ba ya nan balle ya ga ƙarfin da aka sa.

Masana sun gwada wannan da'awa. A 2020 masu bincike na Jami'ar Lincoln ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin karnuka 63 waɗanda ba su zuwa in an kira su. An kasa su kashi uku aka horar da su kwana biyar: kashi ɗaya da abin wuya mai lantarki a hannun ƙwararrun da kamfanonin yinsa suka zaɓo, kashi na biyu a hannun waɗannan mutane ba tare da lantarki ba, na uku kuwa a hannun masu horo da lada. Karnukan kashi na uku su suka fi saurin amsa kira, kuma suka fi amsawa tun kiran farko. A cikin shekarar dai, masu bincike a Porto ta ƙasar Fotugal suka duba karnuka 92 daga makarantu bakwai, suka tarar waɗanda ake horarwa da tsawa da fizga sun fi yawan hamma da lasar leɓe da haki, alamun damuwa ke nan a wurin kare, kuma sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgici ya fi hawa a yawunsu. Yankin Wales ya hana amfani da abin wuya mai lantarki tun 2010, haka kuma an hana shi a Jamus da Denmak da wasu ƙasashen Turai.

Har tsohuwar hujjar da masu ƙarfi ke kafawa ta yi rauni, watau cewa kare jikan kyarkeci ne, dole mai shi ya danne shi kamar yadda shugaban garke ke danne na ƙasa. Wannan magana ta samo asali ne daga kallon kyarketai da aka tara a gidan ajiye namun daji, waɗanda ba su haɗa jini ba. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ta, shi da kansa ya gyara ta a 1999 bayan ya daɗe yana kallonsu a daji: garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya.

Amma ko da an bar lantarki gefe, akwai abin da ya fi damun waɗannan makarantu, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a makarantun karnuka 'yan jagora na makafi, waɗanda su ne ƙololuwar horon kare. An buɗe ta farko a Oldenburg ta Jamus a 1916 domin sojojin da suka makance a yaƙi. A 1927 wata Ba'amurkiya mazauniyar Swizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta labarin irin waɗannan karnuka a wata mujalla, aka karanta wa wani saurayi makaho mai suna Morris Frank, shi kuma ya rubuta mata yana neman kare. Ba ta aika masa da kare a jirgin ruwa ba. Shi ne ya je Swizalan a 1928, ya yi makonni ana koya masa aiki da wata karya da ya sa wa suna Buddy. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yanzu tana nan a Morristown ta jihar New Jersey.

Dubi yadda wannan makaranta ke kasa lokacinta. Kwikwiyo yana kimanin wata biyu ake ba wani gida riƙonsa, ya girma cikin mutane har ya haura shekara. Sa'an nan ya dawo ya yi wata huɗu a hannun mai horo. A nan ake koya masa abin da ya fi biyayya wuya, watau ya ƙi bin umurni in akwai haɗari: in makaho ya ce a tsallaka titi alhali ga mota tafe, kare ya toge. Bayan duk wannan, shi makahon sai ya zo ya kwana a makarantar kimanin mako uku da rabi, ana horar da shi tare da karen. Su ma sojan Amurka, a sansanin Lackland da ke Texas, wata huɗu ko kusa da haka suke ɗauka a kan kare, kuma sojan da zai riƙe shi yana da nasa kwas daban.

Dalilin haka shi ne kare ba ya ɗaukar darasi kamar ɗan makaranta ya tafi da shi ko'ina. Abin da ya koya yana haɗe da wurin, da muryar mai horo, da motsin hannunsa, da lokacin da lada ke zuwa. In ya koma gidan da uwa ke hana shi hawa kujera, uba na ƙyale shi, yara na miƙa masa nama a ƙarƙashin tebur, kafin wata ya zagayo ya gane dokar makaranta ba ta aiki a nan. Maharban ƙasar Hausa ba su bukatar a gaya musu wannan, don karen farauta a bayan mai shi da manyan karnuka yake koyon daji, kuma ba ya jin kiran kowa kamar na wanda ya rene shi.

Makarantun kwana masu gaskiya sun san da haka, shi ya sa ba su miƙa kare a bakin ƙofa. Sukan sa mai shi ya zauna darasi ranar ɗauka, su bi shi gida sau biyu ko uku, su kuma bar shi ya shigo ya ga horon duk ranar da ya so. Rarrabe su da na banza kuwa aikin mai kare ne, don a Amurka duk wanda ya ga dama yana iya kafa allo ya kira kansa mai horar da karnuka, babu jarrabawa babu lasin. A Jamus, tun 2014, wanda zai horar da karen wani don kuɗi sai ya nuna wa hukumar likitocin dabbobi ya san aikin kafin a ba shi izini.