Abokan Karatu, Magina da Jan Ƙasa: Darasin Yamai da Dandaji

A watan Afrilu zafin birnin Yamai kan haura digiri 40. Duk wanda ke zaune a ɗakin bulo mai rufin kwano ya san yadda rana ke gasa shi tun daga hantsi har bayan isha'i. Mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki ya haɗa da janareto, marar hali ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida. Duk da haka, a garuruwanmu ginin siminti shi ne shaidar an samu, ginin ƙasa kuwa ana yi masa kallon na wanda bai kai ba. Wannan tunani ne wasu masana tsarin gine-gine da suka haɗu a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka suka tashi ƙalubalanta a Jamhuriyar Nijar.

Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar ce. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa, ta yi aiki da shi na wasu shekaru, sannan ta koma makaranta ta yi digiri na biyu a tsarin gine-gine, ta gama a 2013. A jami'ar ta haɗu da Yasaman Esmaili, ɗaliba 'yar ƙasar Iran, da malamarsu Elizabeth Golden. Su uku, tare da wani Bajamushe mai suna Philip Sträter, suka kafa ƙungiyar aiki da suka sa wa suna united4design. A 2014 Mariam ta buɗe nata ofishin a Yamai, Atelier Masōmī. Zumuncin makaranta ya rikiɗe ya zama haɗin gwiwar sana'a.

Me ya haɗa gini da sauyin yanayi? Amsar tana farawa daga masana'antar siminti. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, abin da ke cin kwal ko gas mai ɗimbin yawa. Bayan hayaƙin makamashin, shi kansa dutsen yana sakin iskar kabon yayin da yake ƙonewa, kuma fiye da rabin abin da masana'antar ke fitarwa daga nan yake fitowa. Siminti kaɗai na da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. Idan aka haɗa da ƙarfe da lantarkin da gidaje ke sha, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gine-gine ne ke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kabon da ke fita ta hanyar amfani da makamashi. Gidan da aka gina ba tare da la'akari da rana ba kuma yakan ci gaba da cin wuta muddin yana tsaye.

Aikin farko da ƙungiyar ta yi a Nijar shi ne rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016 a fili mai faɗin murabba'in mita 1,700. Da jan ƙasa aka gina su. Ana tankaɗe ƙasar, a gauraya ta da ɗan siminti kaɗan da ruwa, a matse ta a inji ta fito tubali mai kusurwa huɗu, a bar shi ya bushe ba tare da an ƙona ba. Katanga mai kauri ta irin wannan tubali tana shanye zafin rana a hankali. Kafin ya ratsa zuwa ciki an ɗauki sa'o'i, yamma ta yi, iska ta fara sanyi, sai a buɗe tagogi ya fice. Bulo mai rami da kwano ba su da wannan jinkirin.

Tsarin unguwar ma darasi ne. Yamai na ta yaɗuwa da gidaje masu hawa ɗaya, kowanne da katangarsa, garin yana cinye gonaki, ma'aikaci yana ƙara nisa da wurin aikinsa, man fetur yana ƙara ƙonewa. Masu zanen suka waiwayi tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Tumbutu, inda gidaje ke manne da juna, wani yana yi wa wani inuwa. Suka yi gidajen hawa biyu, suka matso da su kusa, amma kowane iyali yana da tsakar gidansa da sirrinsa. A 2022 aikin ya shiga jerin waɗanda aka zaɓo don neman lambar yabo ta Aga Khan a fannin tsarin gine-gine.

Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa, shi ne inda aikin ya fi nuna zurfinsa. Tsohon masallacin Juma'ar garin ginin ƙasa ne na Alhaji Falke Barmu, gwanin maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya lalace kuma ya yi wa jama'a kaɗan, har an fara tunanin rushe shi. Mariam da Yasaman suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a kusa da shi. Aka kira wurin Hikma, aka gama a 2018.

An gayyato maginan da suka san tsohon ginin suka shiga aikin. Su suka san yadda ake ɗaurin guga da yadda ƙasar yankin ke ɗaukar yaɓe. Masu digiri kuma suka zo da injin matsa tubali da lissafin nauyi. Kankare bai shiga ba sai inda ya zama dole, kamar ginshiƙai da kan ƙofofi. Aka yi tafki a ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina don shayar da itatuwan harabar. Zanen ya ci lambar zinare ta gasar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan hannun magini bai gaza na mai zane daraja ba.

Ginin ƙasa yana da maƙiyi, shi ne ruwa. Sauyin yanayin da ke ƙara zafi yana kuma kawo mamakon da ba a saba gani ba. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, kuma gidajen laka da dama sun faɗi a faɗin yankin. Saboda haka duk mai son gini da ƙasa yau sai ya ɗaga harsashi da dutse ko kankare, ya yi rufin da ke kare katanga, ya sa indararo da magudanar da za ta nisanta ruwa daga gindin gini. Wannan ne wurin da ilimin jami'a ke da abin bayarwa.

A Najeriya ma ba a rasa tushe ba. Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'ar Zariya da ƙasa tun ƙarni na 19, kuma sashen tsarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin mafi daɗewa a Najeriya. Ɗalibansa na dā suna ma'aikatun gidaje, hukumomin tsara birane da kamfanonin kwangila, wato kujerun da ake amincewa da zane ko a ƙi shi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun saba tara kuɗi su gina ajujuwa ko ɗakin kwana a makarantunsu. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi irin wannan gini da matsattsen tubali, ta ɗauki maginan gari aiki, ta auna zafin ɗakin a bazara ta kwatanta da na bulo, sannan ta buga sakamakon, za ta bai wa mai ba da izinin gini da mai ba da rancen banki hujjar da suke nema kafin su yarda da ƙasa.