Ciwon Baya Mai Daɗewa: Kowa Da Irin Nasa Magani

Kusan kowane gida akwai mai kuka da ciwon baya, musamman wajen kwankwaso. Mukan ɗauka ciwon tsofaffi ne, amma malamai masu yini tsaye a gaban allo, da ɗalibai masu zaman benci, da iyayenmu mata masu daka da ɗiban ruwa, duk yana kama su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane wajen miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya.

Yawancin ciwon baya kan lafa cikin 'yan makonni. Idan ya wuce wata uku, shi ne ake kira mai daɗewa.

A ƙasan baya akwai gaɓoɓin ƙashi guda biyar, tsakaninsu kuma akwai faifan guringuntsi mai aiki kamar matashi. Da zarar ciwo ya daɗe sai mu ce lalle wani abu ya goce ko ya lalace, mu yi ta neman kuɗin ɗaukar hoto. Amma cikin mutum goma masu wannan ciwo, wajen tara ba a iya nuna wani takamaiman wuri a ce ga abin da ya jawo shi. Wani nazari na 2015 ya duba hotunan mutanen da ba sa jin ciwon kome, ya tarar kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 faifansu ya soma zaizayewa, na 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Ashe zaizayewar nan kamar furfura ce, tana zuwa da shekaru.

To, me ke riƙe ciwon? Sau da yawa tsoro ne. Mutum ya sunkuya ya ji zafi, sai ya daina sunkuyawa. Ya riƙa tafiya a sandare, yana ɗaure tsokar bayansa dare da rana, ya bar gona, ya kwanta. Tsoka ta yi rauni, barci ya lalace, damuwa ta ƙaru, jijiyoyi kuma su ƙara saurin jin zafi. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Ciwon gaskiya ne, sai dai abin da ke hura shi ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Shi ya sa magani ɗaya ba ya yi wa kowa. Ƙwararren likitan fisiyo, wanda muke kira likitan gashi, yakan fara da sauraro: wane aiki kake yi, wane motsi kake tsoro, yaya barcinka, me kake so ka koma yi? Telan da ke yini a kan keke yana bukatar tashi ya miƙe a kai a kai. Manomin da ya bar fartanya sai a koya masa sunkuyawa a sake, da kaɗan kaɗan, yana numfashi a hankali, har ya koma kunya. Wata kuma barcinta za a fara gyarawa. An gwada irin wannan hanya a Ostareliya a kan mutum 492, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2023. Sun ga likita har sau bakwai cikin mako 12, da ƙarin zama ɗaya daga baya. Bayan shekara guda sun fi waɗanda aka yi wa jiyyar da aka saba samun sauƙi da iya aiki.

A shekarar 2023 ɗin ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan wannan ciwo. Ta goyi bayan motsa jiki da koya wa majiyyaci fahimtar ciwonsa, ta kuma ce kada a dogara da bel na ɗaure kwankwaso ko ƙwayoyi masu ƙarfi dangin tramadol. Mu ƙara da cewa diclofenac da ibuprofen da muke saya a kemis kamar gyaɗa suna iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda idan aka daɗe ana sha.

Akwai dai alamun da ba a jira da su. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, a je asibiti, gama tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna da shi a ƙasarmu. Haka nan idan ƙafa ta soma mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ranar ce za a ga likita. Wanda aka duba ba a sami ko ɗaya cikin waɗannan ba, yana iya soma tafiyar minti goma da yamma tun yau, yana ƙarawa kowane mako. Idan zafin ya ɗan taso wata rana, sai ya rage tafiyar, kada ya koma shimfiɗa.