Tsohuwar Motar Yaƙi Da Mazan Da Suka Sare Mata Hanya

A ƙasar Faransa akwai wani yanki na bakin teku da ake kira Normandi, inda rundunonin Ingila da Amurka da Kanada suka sauka ran 6 ga watan Yuni 1944 don su kori sojojin Hitila. Kowace shekara idan wannan rana ta kewayo, sai ƙauyukan wurin su cika da tsofaffin motocin soja, galibinsu 'yar ƙaramar motar nan Jeep, wadda mu Hausawa muke ce wa jif. Masu su ba soja ba ne. Akwai manoma, da malaman makaranta, da akawuna, waɗanda suka sayi kangon mota suka yi ta fama da ita shekara da shekaru har ta tashi. A bikin cika shekara 80, watau a 2024, an ɗauki sauran tsofaffin sojojin da ke raye a cikin irin waɗannan motoci, yawancinsu sun kai shekara ɗari ko sun kusa, jama'a na tafa musu a gefen hanya. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin motar nan da yadda ake rayar da ita, domin kuwa muna da rabo a cikin tarihinta, ko da yake ba a cika faɗa ba.

Asalinta dai, a 1940 ne hukumar sojan Amurka ta aika wa kamfanoni 135 cewa tana bukatar mota ƙarama, mara nauyi, wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, kuma a kawo samfuri cikin kwana 49. Wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Bantam shi kaɗai ya cika wa'adi. Amma da yake ba shi da ƙarfin ƙera da yawa, sai aka ba Willys da Ford aikin, suka ƙera fiye da 600,000 kafin yaƙi ya ƙare a 1945.

Wanda ya saba da motocin yanzu, in ya zauna cikinta sai ya yi dariya. Ba ƙofa, rufinta tamfol ne, tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba, abin share gilashi kuwa da hannu ake juya shi. Injinta mai silinda huɗu ne, ƙarfin doki 60, batirinta bolt 6, giyar gaba uku. A gefen direba an ɗaure mata shebur da gatari. Wannan rashin ƙyale-ƙyale shi ne ya sa ta daɗe. Ba wani abu a jikinta da bakanike mai sifana da sukundireba da haƙuri ba zai iya kwancewa ya mayar ba.

Mai son tayar da ita, abin da zai fara yi shi ne ya san abin da ya saya. Nan ne ake cutar mutane da yawa, domin kamfanin Hotchkiss na Faransa ya yi ta ƙera irinta bayan yaƙi, daga wajen 1955 zuwa 1966, kuma in an shafe ta da koren fenti aka zana farin tauraro, sai gwani ne zai bambance. Saboda haka sai a duba lambar shasi da ta inji da 'yan allunan ƙarfe da ke gaban kujerar fasinja. Ford kuma ya bar wata alama mai ban sha'awa: ya buga harafin F a kan kayan da ya ƙera, har kan ƙusoshi. Akwai masu gyaran da za su yi wata da watanni suna neman ƙusa guda mai wannan harafi, alhali ta kasuwa za ta riƙe daidai da ita. Mu dai a ganinmu wannan ya yi kusa da wuce gona da iri, amma ba mu ga laifin mutumin da ya ƙi yi wa tarihi ƙarya ko da a kan ƙusa ba.

Sa'an nan sai a kwance ta ɗaiɗai, a ɗaga bodi a ajiye gefe, a bar shasi tsirara. Babban abokin gaba shi ne tsatsa. A ƙarƙashin daɓen motar akwai waɗansu ƙarafa masu kwarmi da aka cusa wa katako don ƙarfi. Katakon nan yana shan ruwa ya riƙe, sai ya ci ƙarfen daga ciki, ba a gani sai ƙafa ta burma. Mai gaggawa sai ya sayi sabon bodi, don ana ƙera su har yanzu a ƙasar Filifin. Mai haƙuri kuwa sai ya yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, ya yi waldar sabon ƙarfe, don abin da ya je yaƙi ya zauna a jikinta. Bayan wannan sai inji: a gyara silinda, a sa sabon fistin da zobba, a wanke kafireta da lagireto, a sabunta burki gaba ɗaya. Wayoyin lantarki su ma sai an sake, a kuma kankare duk inda suka haɗu da ƙarfe, gama batir mai bolt 6 ba ya yafe ƙazanta. 'Yar tsatsa kaɗan a bakin waya ta isa ta hana mota tashi.

Gama gyara ba shi ne gama aiki ba. Motar da aka kulle a ɗaki ana kallo ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa. Man burki yana jan laima ya cinye bututu, fetur in ya daɗe sai ya yi danƙo ya toshe kafireta, robobi su bushe su tsage. Don haka masu su suke tayar da su a kai a kai, su zagaya har inji ya yi zafi, su bi kowace gaɓa da giris, su juye baƙin mai ko ba a yi tafiya mai nisa ba.

To, ina rabonmu a ciki? A ƙarshen 1943 aka tura runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, watau mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, su shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama su fuskanci Japanawa. Tsakaninsu da kwarin akwai duwatsu da kurmin gora, ba hanya sai ta ƙafa. Da adda da diga da shebur mazan nan suka sare hanyar da jif za ta bi, tsawonta fiye da mil 70, har aka sa mata sunan Afirka ta Yamma. Inda jif ta kasa kuwa, sai 'yan dako na rundunar su ɗauki harsashi da abinci a ka, abin da jiragen sama suka jefo musu. Birged ta 3, wadda ta Nijeriya ce, aka haɗa ta da rundunar Chindit da ke yaƙi a bayan abokan gaba a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya, su biyu suka haɗu aka ci garin Myohaung a watan Janairu 1945. Da Hausa aka yi yawancin maganar bariki a bataliyoyin Nijeriya. Wanda ya wuce barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya, sunayen wancan yaƙi yake karantawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da yawa daga cikinsu a soja suka koyi tuƙi da kanikanci, suka komo gida suka kama aikin direba a En'e da ma'aikatun Gwamnati da wurin 'yan kasuwa masu manyan motoci. Ita kanta Land Rover, wadda Di'o da hakimai suka yi ta rangadi da ita, a kan shasin jif aka gina samfurinta na fari a Ingila a 1947.

Amma sakayyar da aka yi musu ba ta kai aikinsu ba. Wata takarda ta Gwamnatin Ingila ta 1945, wadda 'yan jarida suka tono a 2019, ta nuna cewa a kuɗin sallama, farabiti Bature yana samun sule goma a kan kowane wata da ya yi a soja, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi. A Ankara ta Gwalkwas, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka tasam ma fadar Gwamna da takardar kokensu, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Motar da suka sare wa hanya yau tana cikin rumfa, ana goge ta da ƙyalle mai laushi. Ba ma jin haushin motar, ba kuma ma zargin masu gyaranta, domin su sun san abin da suke tunawa. Abin da ya dame mu shi ne, a nan namu tsofaffin motocin 'yan gwangwan ne suke auna su a sikeli, labarin 'yan Bama kuma yana bin masu shi kabari.

Nijeriya ta ware ran 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya, ana faretin girmamawa, ana ajiye furanni, madalla da haka. Sai dai bayan 'yan Bama akwai waɗanda suka je Kwango a 1960, da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo, da waɗanda suka yi fama a Arewa maso Gabas. Akawun da takardar fanshon ɗayansu, ko ta matar da ya bari, ta zo teburinsa, yana da ikon ya gama da ita a ranar, kada tsoho ya biya kuɗin mota sau uku a kan sa hannu guda.

Ga malamai kuma muna da shawara. Makarantar koyon sana'a da ta sami tsohuwar Land Rover a bayan ofishin ƙaramar hukuma, ta roƙa a ba ta kafin a sayar wa masu awo. A jikinta yaro zai ga yadda inji yake aiki da idonsa, abin da motar zamani ta ɓoye. Malamin tarihi kuwa ya tambayi 'yan ajinsa wa ke da kaka ɗan Bama, su duba akwatin gida ko za a sami littafin sallama ko lambar yabo, a rubuta suna da lamba da bataliya a ajiye a makaranta. Lambar Bama ba ta da wuyar ganewa: tauraro ne na jan ƙarfe mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo.