Matsalar Kalmar "Ƙwaya" Wajen Koyar da Rabe-raben Ƙwayoyin Halitta a Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Ƙasar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta manoma mai harsuna da dama. Mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuwa C'lela. Amma Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya, Ingilishi kuma harshen littafi da jarrabawa. Saboda haka idan malamin kimiyyar halittu ya ga bayani ya shige wa ɗalibai duhu, Hausa yakan koma wa. Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, buƙatar ɗaliban da suka fahimci tushen wannan fanni ta ƙaru. Wannan maƙala za ta duba darasi guda, watau bambancin furokariyot da yukariyot, don nuna yadda zaɓen kalma ke gyara fahimta ko ɓata ta.

Asalin sunayen

A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙananan gurabe jere, ya ba su suna daga kalmar Latin mai ma'anar ƙaramin ɗaki. A 1831 Robert Brown ya bayyana wani dunƙule da ke cikin waɗannan ɗakuna, wanda a Hausa akan kira cibiya. Edouard Chatton na Faransa ne ya fara amfani da sunayen nan biyu a 1925, sannan Roger Stanier da C. B. van Niel suka tabbatar da rabon a 1962. Sunayen daga Girkanci suke. Tushensu, "kariyon", na nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Furokariyot na nufin "kafin ƙwaya", yukariyot kuma "mai ƙwaya ta ainihi". Ashe ke nan rabon duka a kan abu ɗaya ya dogara: ko akwai cibiya killatacciya ko babu.

Inda Hausa ke kawo cikas

Kalmar "ƙwaya" ta ɗauki kaya da yawa. Akwai ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani da ƙwayar cuta. A kafofin watsa labarai kuma akan ce "ƙwayar halitta" ga ɗakin da Hooke ya gani, a kuma faɗi haka ga sinadarin gado, watau DNA. Wasu kan ce "tantanin halitta", alhali tantani a Hausa siririyar fata ce mai lulluɓe abu. Idan malami ya fassara sunayen kai tsaye, sai ya ce "ƙwaya maras ƙwaya" da "ƙwaya mai ƙwaya", wanda ba zai amfani kowa ba.

Daga wannan ruɗani kurakurai biyu kan taso. Na farko, ɗalibi ya ɗauka duk ƙwayar cuta furokariyot ce. Ba haka ba ne. Masu haddasa taifot da kwalara bakteriya ne, furokariyot ke nan. Amma mai haddasa zazzaɓin cizon sauro da mai kawo wa shanu sammore yukariyot ne. Haka nan bakteriyar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa tana ƙara wa ƙasa taki, wata ke sa madara ta zama nono, wata kuma ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Na biyu, ɗalibi ya zaci duk halitta mai ƙwaya ɗaya furokariyot ce, alhali yis ɗin da ke kumbura burodi ƙwaya ɗaya ne, kuma yukariyot ne.

Misalin gida da rumbu

Ɗan manomi a Zuru ya san rumbu tun yana rarrafe, ya kuma san a can ake adana iri. To, sinadarin gado shi ne irin ƙwayar halitta. Yukariyot kamar gida ne mai sassa: akwai rumbu ginanne inda aka killace iri, watau cibiya mai tantani biyu; akwai madafa, watau mitokondiriya, inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi; a tsirrai kuma akwai kulorofilas mai haɗa abinci da hasken rana. Furokariyot kuwa kamar bukkar gona ce mai ɗaki ɗaya. Iri yana nan, galibi zare guda a kewaye kamar zobe, amma a tsakar ɗaki aka ajiye shi, ba rumbu. Wajibi ne malami ya nanata wannan, domin "maras cibiya" ba ya nufin maras sinadarin gado.

Sauran bambance-bambancen sai su biyo baya. Yawancin bakteriya tsawonsu maikuromita 1 zuwa 5 ne, yawancin yukariyot kuwa 10 zuwa 100. Maikuromita 1000 ne ke yin milimita ɗaya. Dukansu suna da raibosom mai ƙera furotin, amma na furokariyot ya fi ƙanƙanta. Bangon yawancin bakteriya kuma an gina shi da wani sinadari da babu shi a jikin mutum.

Duk da haka kowane misali yana da iyaka. Kada a ɗauka bukka koma baya ce. Furokariyot sun riga yukariyot bayyana da fiye da shekara biliyan ɗaya. A 1967 Lynn Margulis ta kawo hujjojin cewa mitokondiriya asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar, kamar baƙon da ya zama ɗan gida. A 1977 kuma Carl Woese ya nuna furokariyot kansu kashi biyu ne, bakteriya da arkiya.

Amfanin darasin

Wannan ba zancen cin jarrabawa kaɗai ba ne. Fenisilin yana aiki ta hanyar hana bakteriya gina bangonta, don haka ba ya taɓa mai haddasa zazzaɓin cizon sauro, wanda ba shi da irin wannan bango. Ɗalibin da ya gane haka ba zai sayi kafso don kowane zazzaɓi ba, gobe kuma idan ya zama malamin dabbobi zai san dalilin da ya sa maganin sammore daban yake.

Kammalawa

Shawarar wannan maƙala ita ce a tsayar da kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya: "ƙwayar halitta" ga ɗakin kansa, "tantani" ga lulluɓinsa, "cibiya" ga rumbun, "sinadarin gado" ga irin da ke ciki. Sannan a kira yukariyot "mai killatacciyar cibiya", furokariyot kuma "maras killatacciyar cibiya", tare da koyar da sunayen aro domin jarrabawa. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabin Hausa, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Kimiyyar halittu ma tana buƙatar irin wannan zama tsakanin masana harshe da malaman fannin, kuma a Zuru ya kamata masana C'lela su kasance cikinsa.