"A Jininsu Yake": Ina Iyakar Gado a Taɓin Hankali?

A Agyaragu, kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, manomin doya ba ya binne irin da bai yarda da shi ba. Haka ma ake yi wa aure. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa sai an binciko asali, kuma magana ɗaya ta isa ta rusa komai: "Akwai taɓin hankali a gidansu, a jininsu yake." Shi ke nan, yarinya lafiyayya ta rasa miji saboda kawun da ba ta ma taɓa gani ba.

Ciwon da aka fi nufi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya haƙiƙance ana bin sa da sharri, ya daina wanka, ya ƙaurace wa jama'a. Yawanci yana kama mutum ne yana tsakiyar ƙuruciya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 300 na fama da shi.

Gado yana ciki, babu musu. To amma a duba lissafin. Idan uwa ko uba na da ciwon, kusan yaro ɗaya cikin goma ne zai same shi, tara ba zai same su ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ya kama Hassan, kusan rabin lokaci Husaini na tsira. Ba kamar sikila ba ne, da ake ɗibar jini kafin aure a faɗa maka matsayinka. Wani gagarumin bincike na 2022 ya gano gurabe 287 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ciwon, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi ne. Sai su haɗu da wahalar haihuwa, ko tashin hankali a yarinta, ko tabar wiwi, wadda ni ita ta fi tayar mini da hankali idan na dubi samarin tasha.

A 2019 an binciki majinyata fiye da 22,000 a gabashin Asiya, har da Japanawa, aka tarar tushen gadon kusan ɗaya ne da na Turawa. Mu 'yan Afirka ba a cika sa mu cikin irin wannan aiki ba, kuma hakan giɓi ne babba. Japanawa sun kuma yi wani abin koyi a 2002: likitocinsu sun sauya wa ciwon suna, domin tsohon sunan, mai nufin tsagewar hankali, yana tsorata iyalai har a ɓoye wa mara lafiya abin da ke damunsa.

Mu ma ɓoyewar muke yi. A ce iska ce ko sammu, a sa mari a ƙafa, a kulle ɗaki don kada surukai su ji, alhali akwai magungunan da ke kwantar da muryoyin, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Dawanau ta Kano. Tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da safe su je asibiti, da yamma su koma cikin mutane.