Karatu Da Ciniki A Dutsin-Ma: Bayani Ga Iyaye Da Manoman Batsari Da Safana

Duk wanda ya daɗe bai shiga Dutsin-Ma ba, idan ya je yau sai ya yi tambayar hanya. Unguwanni sun ƙaru. Shaguna sun cika bakin titi. Ko'ina aka duba samari ne da 'yan mata rataye da jakar littattafai, wasu na Hausa, wasu na Turanci, wasu na Yarbanci ko Tibi. Manyan makarantu biyu ne suka jawo wannan canji.

Ta farko ita ce Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda take ta Gwamnatin Jihar Katsina. Aikinta horar da malaman makaranta. An sa mata sunan marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya yi Ministan Ilimi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Ta biyu kuwa ita ce Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ɗalibai ke kira FUDMA. An kafa ta a shekarar 2011, tana cikin sababbin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe a lokacin. Tana da haraba a cikin gari, tana kuma da babban mazauninta a wajen gari, kan hanyar Ƙanƙara.

Safana tana iyaka da Dutsin-Ma, Batsari kuma tana iyaka da Safana. Watau yaron Runka ko Zakka ko Ruma ko Wagini ba sai ya je Zariya ko Sakkwato ba kafin ya yi karatu mai zurfi. Sai dai kusa da makaranta ba shi ne shiga makaranta ba. Akwai sharuɗɗa, kuma rashin saninsu ya sa yara da yawa zaman gida shekara biyu ko uku bayan sun gama sakandare.

Takardun da ake nema

Sharaɗi na farko shi ne sakamakon jarrabawar gama sakandare. Ana karɓar ta WAEC, ko ta NECO, ko ta NABTEB ta makarantun sana'a, ko ta NBAIS ta makarantun Larabci da Addinin Musulunci. Jami'a tana son yaro ya ci darussa biyar da kyau. Irin wannan ci shi ake kira kiredit. A takardar sakamako, daga A1 zuwa C6 duk kiredit ne. D7 da E8 ci ne na tsallake rijiya da baya, ba a lissafa su. F9 kuwa faɗuwa ce.

Daga cikin biyar ɗin dole a sami Turanci. An daɗe ana haɗawa da Lissafi ga kowa da kowa. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci ga masu son karanta harsuna da tarihi da makamantansu, amma masu kimiyya da fasaha Lissafi na nan a kansu. An yarda yaro ya haɗa sakamakon zama biyu. Alal misali, idan ya ci huɗu a WAEC bana, ya cike na biyar a NECO baɗi, ya wadatar. Zama uku ne ba a karɓa.

Ga wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Ba kowane kiredit biyar ne ke buɗe kowace ƙofa ba. Wanda ke son karatun aikin gona sai ya ci darussan kimiyya da suka shafe shi. Idan ya ci Hausa da Addini da Tarihi ya faɗi kimiyya, kiredit ɗinsa na da amfani, amma a wani fannin. Saboda haka tun yaro na aji huɗu na sakandare ya kamata uba ya je ya zauna da malaminsa, a san inda aka dosa.

Sharaɗi na biyu shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don tace masu shiga manyan makarantu. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci da wasu uku, maki duka 400. A kan kwamfuta ake yin ta, ba da biro da takarda ba. Wannan shi ke kayar da yaran karkara masu ƙoƙari. Yaro ya san amsa sarai, amma ranar ce farkon taɓa kwamfutarsa, kafin ya gane inda ake dannawa lokaci ya tafi. Kwana goma na koyon na'urar a Dutsin-Ma ko Katsina kafin jarrabawa ya fi wata guda na addu'ar sa'a ba shiri. A shekarar 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a, da 100 na kwalejojin ilimi da na fasaha. Kowace shekara ana sake zama a kan wannan, kuma kowace makaranta na iya ɗaga nata sama da haka.

Tun 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN. Nan ma akwai rami. Dole sunan da ke takardar sakandare ya zama shi ne a katin ɗan ƙasa, shi ne a JAMB, harafi da harafi, haka ma ranar haihuwa. A karkara kuwa an saba yaro ya zama Sani Audu a firamare, Sani Abdullahi a sakandare, Muhammadu Sani Batsari a katin ɗan ƙasa. Ga mutanen gari duk mutum ɗaya ne. Ga kwamfuta mutum uku ne. Gyaran irin wannan yana cin kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci har a rufe rajista ba a gama ba. Uban da ya iya karatu zai iya jera takardun ɗansa a tabarma ya duba su da kansa tun da wuri.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Ana son yaro ya kai shekara 16. Ana neman takardar shaidar asali daga Ƙaramar Hukuma, da takardar haihuwa, da ƙananan hotuna. Idan an ba yaro gurbi, zai gani a shafin JAMB na intanet, kuma sai ya danna cewa ya karɓa. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, a yi hattara da shi. Gurbin da bai bi ta JAMB ba yana iya hana yaro tafiya bautar ƙasa bayan ya sha wahalar shekaru.

Yadda karatun yake

Karatun NCE a kwalejin ilimi shekara uku ne, a ciki har da watannin da ɗalibi zai je wata makaranta ya gwada koyarwa. Ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda malamin firamare ya riƙe. Digiri a jami'a yawanci shekara huɗu ne, na aikin gona biyar.

An raba shekarar karatu zango biyu. A farkon kowace shekara ɗalibi zai biya kuɗin rajista ya rubuta darussan da zai ɗauka. Babu mai kaɗa ƙararrawa, babu mai bin ɗalibi da bulala. Malami zai shigo ya yi lacca ya fita. Wanda ya zo ya zo. Amma doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Iyaye manoma su lura da wannan. Kiran yaro gida mako uku don noman fari ko girbi yana iya jawo masa asarar zango ɗungum.

Makin kowane darasi 100 ne. Ana tara wani kaso daga gwaje-gwaje da aikin gida a tsakiyar zango, kaso mafi yawa kuma daga babbar jarrabawa. A yawancin makarantu 70 zuwa sama shi ne A, ƙasa da 40 kuma faɗuwa. Wanda ya faɗi darasi ba a mayar da shi aji baya. Zai wuce, amma yana ɗauke da darasin a ka, sai ya sake shi baɗi tare da ƙannensa. Ɗalibai na kiran wannan kariyoba. Idan suka taru, sai karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Idan maki ya yi ƙasa ƙwarai ana yi wa ɗalibi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Satar amsa kuwa hukuncinta kora. Don haka idan yaro ya zo hutu, tambayar "yaya karatu?" ba ta isa ba, domin amsarta kullum "lafiya lau". A ce ya kawo takardar sakamako a gani.

Kwana da ci

Ɗakunan kwana na makaranta ba sa isar kowa. Ɗalibai da yawa haya suke kamawa a gari, mutum biyu ko uku a ɗaki, kuma kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya. Su ke dafa abincinsu, su sayi ruwa wurin 'yan garuwa, su biya kuɗin mota ko acaba zuwa wajen lacca. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da taliya da shinkafa da wake su ne abokan ɗalibi. A nan ɗan manomi ya fi ɗan ma'aikaci sauƙi. Tiya biyar ta wake, da garin masara, da kuka da daddawa da kwalbar man gyaɗa daga gida sun rage rabin wahala.

Maganar tsaro ba ta ɓuya ga mutanen da ke zaune a gefen dajin Rugu. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a Dutsin-Ma. Wannan ya sa wasu iyaye suka ja baya da karatun 'ya'yansu mata. Abin da ya fi shi ne uba ya je da ƙafarsa ya ga inda 'yarsa za ta zauna. A fara neman ɗakin makaranta. In bai samu ba, a nemi gida a tsakiyar jama'a, ba a bakin gari ba don araha, ko a ajiye ta wurin dangi. Asibitocin Batsari da Safana da makarantun 'yan matansu suna bukatar ma'aikata mata 'yan ƙasa, kuma ta wannan hanya ake samunsu.

Game da kuɗi, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance mai suna NELFUND. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana kuma ba ɗalibi ɗan abin kashewa. Babu kuɗin ruwa a ciki, amma bashi ne, ba kyauta ba. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Jihar Katsina ma tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan jiha.

Kasuwar da ɗalibai suka buɗe

Ko wanda ba shi da ɗa a makaranta yana da rabo a Dutsin-Ma. Dubban mutane ne da ba sa noma, amma kullum sai sun ci. Mai shayi da burodi, mai ƙosai, mai awara, mai fura da nono, mai tsire, duk suna samu. Haka mai aski da tela da mai wanki da guga da ɗan acaba. Ga kuma sana'o'in da da can babu su: masu buga takardu da kwamfuta, masu hotokwafi, masu cajin waya, da masu POS da ke ba mutum tsabar kuɗin da aka turo masa. Masu filaye kusa da makarantun sun gina ɗakunan haya, filin da ake shuka gero a da ya zama unguwa.

Kasuwar Dutsin-Ma tana ci ran Laraba, ta Batsari ran Alhamis. Rogon Batsari da dankalinta sun yi suna, kuma abinci ne mai cika ciki da arha, irin wanda ɗalibi ke so. Wake da gyaɗa da gero da ƙwai da kajin ƙauyukan Safana ma suna da masu saye. Sai dai cinikin ɗalibi daban yake da na ɗan kasuwa. Ɗalibi ba ya sayen buhu. Gwangwani yake saye, ko rabin tiya, ko ƙulli. Wanda ya kai buhu ya sayar wa dillali ya huta da wuri, amma ribar tana wurin mai aunarwa kaɗan-kaɗan. Manoma uku ko huɗu na iya haɗa kai su kama teburi ɗaya, ko su yi yarjejeniya da mai gidan abinci su riƙa kai mata wake ko rogo duk mako.

Wannan kasuwa tana da damina tana da rani. Makon da aka dawo hutu aljihun ɗalibai cike yake. Ƙarshen zango kuwa kowa ya ƙare, sai cin bashi. Idan aka yi dogon hutu garin sai ya yi tsit. Akwai kuma yajin aiki, wanda ba ya sallama. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu abinci da 'yan acaba da masu hotokwafi a garuruwan jami'o'i sun ji a jikinsu. Saboda haka kada mutum ya sayar da gonarsa ko shanun huɗarsa ya zuba duka a cinikin ɗalibai. Kayan da ke lalacewa, irin su rogo ɗanye da tumatir, a tambayi ranar tafiya hutu kafin a yi lodi.

Bashi kuwa ba a guje masa, domin mai shagon da ba ya ba ɗalibi bashi ba ya riƙe shi. Amma ɗalibi baƙo ne. Ran da ya gama jarrabawar ƙarshe zai hau mota zuwa Binuwai ko Legas ko Funtuwa. Masu shagunan da suka daɗe a harkar suna ajiye littafi guda. Kowane mai bashi da shafinsa: sunansa, sashen da yake karatu, ajinsa, lambar wayarsa, abin da ya karɓa da kwanan wata. Suna sa iyakar da bashi ba zai wuce ba. Mako biyu kafin a fara jarrabawa suke rufe littafin su shiga karɓar kuɗinsu.