Garambawul A Aikin Gwamnati: Yadda Ake Biyan Waɗanda Aka Sallama

Ushafa, garin tukwane da ke ƙaramar hukumar Bwari kusa da madatsar ruwa ta Usuma, na cikin wuraren da ƙananan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ke kama haya saboda tsadar gidaje a tsakiyar Abuja. Don haka duk sa'ad da aka ce za a haɗe hukumomi ko a rushe wasu, batun yakan shafi mai gidan haya da mai kantin da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata, kamar yadda ya shafi ma'aikacin kansa.

Maganar ta sake tasowa a watan Fabrairu na 2024, lokacin da Majalisar Zartaswa ta amince da aiwatar da rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012, wanda ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161.

Wanda aka soke kujerarsa ba mai laifi ba ne, shi ya sa hakkinsa ya bambanta da na korarre. Akwai kuɗin sallama, wanda akan lissafa bisa albashi da shekarun aiki, sannan akwai fansho. Tun daga dokar 2004 fansho ya koma asusun ajiya na kowane ma'aikaci, kuma dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10. Wanda ya rasa aiki kafin ya cika shekara 50 yana iya cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Ga direba ko masinja, wannan abu ne da bai taka kara ya karya ba.

Irin waɗannan ƙananan ma'aikata ne garambawul na zamanin Shugaba Obasanjo ya fi taɓawa. An mayar da alawus na gida da na mota kuɗi a hannu daga 2003, aka miƙa aikin shara da gadi ga 'yan kwangila, sannan aka sallami dubban mutane a 2006 da 2007.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne lokacin biya. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, amma sai a 2018 gwamnati ta saki kimanin Naira miliyan dubu 22, wato rabin ragowar hakkin tsofaffin ma'aikatansa. A 2003 Dalar Amurka ba ta kai Naira 140 ba. A 2018 ta haura Naira 300 a farashin gwamnati. Ke nan an biya adadin da ke rubuce, alhali darajarsa ta zube fiye da rabi, wasu masu hakkin kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na PHCN sun fi samun sauƙi. Ƙungiyoyinsu sun dage sai an biya kafin a miƙa kamfanonin ga masu saye ranar 1 ga Nuwamba, 2013, aka kuwa biya mafi yawansu, domin an ware kuɗin daga cinikin kadarorin.

Saboda haka ɗan kasuwar Ushafa da ke bin ma'aikata bashi zai fi amfana da duba kasafin kuɗi a kan sauraron sanarwa. Muddin ba a ga layin kuɗin sallama a kasafin shekarar da za a yi garambawul ba, to ya rage bashin da yake bayarwa.